Ihun da ake yi wa kwatabak a ƙwallon Amurka: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya fara kallon gasar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, akwai abin da ke saurin ɗaure masa kai, wato ya ga filin wasa cike da mutum dubu 60 ko 70 sanye da rigar ƙungiya ɗaya, amma sun haɗa baki suna yi wa nasu ɗan wasan ihu, kuma kusan kullum mutum ɗaya ne ke shan wannan ihun. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan dawowa a kan maganar.

Wai shi waye kwatabak, kuma me ya sa komai a kansa yake ƙarewa?

Kowane ɓangare 'yan wasa 11 ne a fili, amma idan ƙungiya ce ke kai hari kusan kowane wasa sai ƙwallo ta fara bi ta hannun mutum ɗaya, shi ne kwatabak. Shi koci ke yi wa magana ta rediyon da ke cikin hular kwanonsa, shi ke faɗa wa sauran abin da za a yi, shi ke duba yadda abokan hamayya suka jeru ya canza tsari in ya ga da matsala, sannan da an miƙo masa ƙwallo sakan 3 ko ƙasa da haka yake da shi ya yanke shawara kafin ƙarti su danne shi. Dama huɗu ake ba su su ci yadi 10, in suka kasa ƙwallo ta koma wa ɗaya ɓangaren.

To ka ga mai kallo idonsa ƙwallo yake bi, ƙwallo kuma tana hannun wannan mutumin. Mai karɓa ya bi hanyar da ba ita ba, ko ɗaya daga cikin mutum biyar ɗin da ke kare shi ya bar ɓaraka, ko koci ya kira tsarin banza, duk abin da ɗan kallo zai gani shi ne jifa ta tafi inda babu kowa. Babba juji ne, a wannan wasan kuma kwatabak ne babban.

Ni na zaci abokan hamayya ake yi wa ihu, ya za a yi mutane su yi wa nasu?

Ana yin duka biyun, amma ba abu ɗaya ba ne. Hayaniyar da ake yi wa baƙi dabara ce ta wasa (akwai tambaya a kan wannan a ƙasa), shi kuwa ihun da ake yi wa na gida saƙo ne. Ka tuna wasannin NFL ba su da yawa, 17 ne kacal a kaka tun 2021, na gida 8 ko 9, ba kamar Firimiya ba da kowace ƙungiya ke buga 19 a gidanta. Mutum ya tara kuɗi ya sayi tikiti mai tsada, ya biya kuɗin ajiye mota, ya zauna awa uku a cikin sanyin Disamba, sai ya ga an buga kamar ba a shirya ba, to bakinsa kaɗai gare shi.

Kuma sau da yawa ba ma da kwatabak ɗin ake ba, da koci ake ko manajan da ya kawo shi, shi dai ya zama allon rubuta saƙon ne kawai. A 2022 da Russell Wilson ya koma Denver, a wasansu na farko a gida da Houston ƙungiyar ta riƙa makara wajen fara wasa kafin agogon sakan 40 ya ƙare, sai 'yan kallo suka fara ƙirga musu sakan da ƙarfi, biyar, huɗu, uku. Wannan da sabon kocin suke yi fiye da kowa, kuma bai ƙarasa kakar ba aka sallame shi.

Wani lokaci ina jin kamar ihu alhali an yi abin kirki, me ke faruwa?

Kar ka ruɗe, wasu sunaye ne ake ja. Lokacin da Victor Cruz ke New York Giants in ya cafe ƙwallo sai filin ya ɗauki "Kuruuuz", a Carolina "Luuuk" suke wa Luke Kuechly, a Green Bay kuma "Kuuun" saboda John Kuhn. A talabijin da ihun ƙi da wannan duk ɗaya kunne ke jin su. Ka duba fuskokin mutane da abin da ya faru kafin sautin, nan za ka gane.

Hayaniyar 'yan kallo tana shafar wasan da gaske ko dai nishaɗi ne?

Sosai ma. Kwatabak da baki yake ba da umarnin lokacin da za a miƙo ƙwallo, in abokan wasansa ba sa jinsa sai wani ya motsa kafin lokaci a ja su baya yadi 5, ko agogo ya ƙare musu a ja su wani yadi 5 ɗin. Shi ya sa in baƙi ne da ƙwallo filin ke kaurewa, su kuma baƙin su koma amfani da alamar hannu da ɗaga ƙafa. A Satumban 2014 filin Arrowhead na Kansas City ya kafa tarihin ƙara, desibel 142.2, a wasansu da New England. Har an taɓa yin doka a 1989 ta hukunta ƙungiyar gida in hayaniya ta yi yawa, daga baya aka soke ta. Atlanta Falcons kuwa an ci su tarar dala dubu 350 a 2015 aka kuma ƙwace musu zaɓi ɗaya na sabbin 'yan wasa saboda sun riƙa ƙara hayaniyar bogi ta lasifika.

Abin lura a nan, in ƙungiyar gida ce da ƙwallo al'ada ita ce a yi tsit don kwatabak ɗinsu ya ji a ji shi. Saboda haka in aka yi masa ihu a wannan lokacin ba abin da zai rufe sautin, tar yake jinsa, kuma ya san daga nasa ne.

Me ya sa kullum ake ambaton Filadelfiya in ana wannan maganar?

Sun yi suna, kuma wani ɓangaren sunan su suka jawo wa kansu. A Disambar 1968 sun jefi mutumin da ya yi shigar Santa, tsohon nan mai rabon kyautar Kirsimeti, da curin ƙanƙara a lokacin hutun rabin lokaci, a 1997 kuma sai da aka buɗe ƙaramar kotu a cikin tsohon filinsu na Veterans saboda yawan rigima. Ko a wasan buɗe kakar 2018, daren da aka ɗaga tutar Super Bowl ɗin da suka ci, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, an ji ihu da aka tafi hutun rabin lokaci.

Amma labarin da ya fi dacewa da batunmu na Donovan McNabb ne. A 1999 wajen zaɓen sabbin 'yan wasa a New York, wani mai gabatar da shiri a rediyo ya kwaso magoya baya kusan 30 don su yi murnar ɗaukar wani ɗan wasa da suke so, Ricky Williams, sai Eagles, ƙungiyar Filadelfiya, suka ɗauki McNabb a matsayi na biyu. Yaro ya hau dandamali a ranar da ya fi jira a rayuwarsa, iyayensa na zaune, bai taɓa jefa ƙwallo ko sau ɗaya a rigarsu ba, aka rufe shi da ihu. Wannan mutumin ne ya yi musu kaka 11, ya kai su wasan ƙarshe na rukuninsu na NFC, wanda daga shi sai Super Bowl, sau biyar, ya kai su Super Bowl a 2005 inda New England ta ci su 24 da 21. Da ya dawo garin a 2010 da rigar Washington sun miƙe sun tafa masa, a 2013 kuma aka jingine lambarsa ta 5 don karrama shi, wato ba wanda zai sake sa ta a ƙungiyar, amma wancan ihun na farko har yau in aka ambaci sunansa sai an tuna.

To in tsohon gwarzo ya dawo da rigar wata ƙungiya fa?

Yawanci ya danganta da yadda aka rabu. Brett Favre ya yi kaka 16 a Green Bay har da kofi, amma da ya ƙare a Minnesota, manyan abokan gabarsu, ya dawo filin Lambeau a Nuwambar 2009, ihu ya sha tun daga fitowa, shi kuma ya rama da jifa huɗu na ci suka yi nasara 38 da 26. Shekara shida bayan nan, a 2015, mutanen garin suka cika filin suna tafi da aka jingine lambarsa ta 4. Russell Wilson da ya kawo wa Seattle kofinsu na farko a 2014 shi ma ihu ya tarar da ya dawo a Satumban 2022, aka kuma ci su 17 da 16. Tom Brady da ya dawo tsohon gidansa New England a 2021 da rigar Tampa Bay an tafa masa kafin wasa, da aka fara wasa ya shigo da ƙwallo sai aka juya. Matthew Stafford ya yi shekara 12 a Detroit, da ya dawo da Rams a Janairun 2024 a wasan sili ɗaya ƙwale, mutane sunan Jared Goff, kwatabak ɗin da ya gaje shi, suka riƙa rerawa.

A ganina wannan shi ne ihun da ya fi sauƙi a zuciya, don na awa uku ne, kowa ya san dalilinsa, kuma yawanci akan shirya daga baya.

Me ya faru da Andrew Luck da har yanzu ake maganarsa?

Wannan kam ya bambanta da na sama. Luck shi aka fara ɗauka a 2012, ya gaji Peyton Manning a Indianapolis, kuma ya sha duka ba kaɗan ba saboda shekaru ƙungiyar ta kasa samar masa masu kare shi. Ƙodarsa ta tsage a 2015, kafaɗa ta hana shi buga kakar 2017 gaba ɗaya, ya dawo a 2018 ya yi bajinta har aka ba shi kyautar wanda ya fi kowa farfaɗowa, sai kuma ciwon ƙafa ya taso. Ranar 24 ga Agustan 2019 ana tsakiyar wasan share fage da Chicago, yana tsaye a gefen fili da kayan gida, labari ya fita a wayoyin mutane cewa zai yi ritaya yana da shekara 29. Da aka tashi yana fita daga filin, wasu daga cikin waɗanda suka rage suka bi shi da ihu. Ya faɗa wa 'yan jarida a daren cewa ya ji, kuma abin ya yi masa ciwo.

Masu kare waɗannan mutanen suna cewa saura sati biyu a fara kaka, an riga an sayi tikiti, labarin kuma ya zo musu ba zato. Na fahimci zafin, amma ban yarda ba. Ba wasa ya ɓata ba, jikinsa ne ya ce ya gaji, kuma a hidimar garin ya gajin.

Gaskiya ne ana yin tafi in kwatabak ɗin gida ya ji rauni?

Gaskiya ne wallahi, kuma ba sau ɗaya ba. A 2002 Tim Couch na Cleveland ya bugu a kai a wasa da Baltimore, yana ƙasa wasu na murna, bayan wasa ya yi magana da 'yan jarida idonsa cike da hawaye. A Oktoban 2012 haka ta faru da Matt Cassel a Kansas City, ranar da tun kafin wasa wani ƙaramin jirgi ya zagaya filin da ƙyalle mai cewa a kori manaja a ajiye Cassel a benci. Abokin wasansa Eric Winston ya tsaya gaban kyamara ransa a ɓace ya ce abin ƙyama ne, su 'yan wasa ne ba bayin da ake zubawa a fili su kashe juna ba. Wasu 'yan kallon sun ce su shigowar na benci suka yi wa tafi, to ko da haka ne, mutum na kwance ba a san halin da ƙwaƙwalwarsa ke ciki ba, ai sai a jira ya tashi. Shekara ɗaya bayan nan Matt Schaub na Houston, wanda ya yi wasa huɗu a jere ana cafe jifarsa a ruga da ita a ci su, shi ma da ya ji ciwo a ƙafa tafi aka yi.

Na Deshaun Watson a Oktoban 2024 ya fi sarƙaƙiya. Cleveland ta ba shi kwantiragin dala miliyan 230 a 2022 alhali mata fiye da 20 sun shigar da ƙara suna zarginsa da cin zarafi, ya musanta, ba a tuhume shi a kotun laifi ba, amma NFL ta dakatar da shi wasa 11. Magoya baya da yawa tun farko ba su so zuwansa ba, wasansa kuma bai yi kyau ba. Da jijiyar agararsa ta tsinke wasu suka yi sowa, abokan wasansa Myles Garrett da Jameis Winston suka fito suka yi tir. Mutum na da damar ƙin Watson, ya ƙi sayen rigarsa, ya yi masa ihu duk fitowa, ya ma daina zuwa filin. Murnar tsinkewar jijiya dai ba ta share wa matan nan hawaye ba, ba ta kuma hukunta waɗanda suka sa hannu a kwantiragin ba.

Ai suna karɓar miliyoyi, ba sai su haƙura ba?

Akwai gaskiya a ciki. Dak Prescott na Dallas ya sa hannu a 2024 kan dala miliyan 60 a shekara, a shekarar da iyakar abin da ƙungiya za ta kashe kan albashin duk 'yan wasanta ta kasance wajen dala miliyan 255, ka ga duk abin da aka ba shi an rage ne daga abin da za a ɗauko wasu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma su kansu da yawansu in an tambaye su cewa suke mai biyan kuɗi na da haƙƙin nuna fushinsa. Amma albashin na wasa ne, bai sayi lafiyar mutum ko iyalinsa ko launin fatarsa ba, duba amsar da ta gabata da wadda ke zuwa a kan wariya.

Me ya sa ake yawan kiran sunan na benci?

Don shi bai yi kuskure ba tukuna, kowa na iya ɗora masa burinsa. A Denver a 2011 sun yi ta kiran Tim Tebow lokacin Kyle Orton na bugawa, aka sa shi, ya kai su har suka fitar da Pittsburgh a wasan sili ɗaya ƙwale, amma bayan wata biyu aka sayar da shi da Peyton Manning ya zo. A Pittsburgh a 2022 sunan Kenny Pickett aka riƙa rerawa a kan Mitch Trubisky, an sa shi, bayan kaka biyu shi ma ya bar garin. Abin da ke rura wannan fatan shi ne irin labarin Nick Foles, na benci da ya ɗauki Eagles ya ci musu Super Bowl a 2018, sai dai irin wannan ba kullum ake samu ba.

Ihun yana gyara ɗan wasa ko ƙara lalata shi yake?

Abin da ya fi fitowa fili shi ne da yawan waɗanda aka kora da ihu sun je wani wuri sun gyaru, wanda ke nuna tun farko matsalar ba su kaɗai ba ne. Baker Mayfield ya buga yawancin kakar 2021 da yagaggiyar kafaɗa a Cleveland, an yi masa ihu har a wasan da suka ci Detroit, ya je Tampa Bay ya yi jifa 41 na ci a 2024. Geno Smith da aka yi wa dariya a Jets shi ya gaji Wilson a Seattle, shi ne ma ya ci shi a wancan wasan na 17 da 16. Sam Darnold, shi ma daga Jets, ya ci wasa 14 da Minnesota a 2024. Hannun ɗaya ne, abin da ya canza koci ne da masu kariya da masu karɓa. Inda ihu ke aiki da gaske shi ne kunnen mai ƙungiya, shi ma kujerun da ba kowa sun fi ihu tayar masa da hankali.

Akwai wariyar launin fata a ciki?

A tarihi akwai, ba a ɓoye take ba. An daɗe ana ɗaukar cewa baƙar fata bai dace da wannan matsayin ba don wai na tunani ne. Warren Moon babu ƙungiyar da ta ɗauke shi a 1978, sai Kanada ya tafi ya ci kofi biyar a jere da Edmonton kafin Houston ta kawo shi a 1984, kuma ya sha ba da labarin irin zagin da iyalinsa ke ji a cikin 'yan kallo. Doug Williams ne baƙar fata na farko da ya ci Super Bowl a wannan matsayin a 1988, sai a 2023 aka ga biyu sun kara da juna, Patrick Mahomes da Jalen Hurts.

Colin Kaepernick nasa ihun ba na wasa ba ne sam. A 2016 ya fara durƙusawa lokacin taken ƙasa don nuna adawa da yadda 'yan sanda ke kashe baƙaƙen fata, aka riƙa yi masa ihu a filaye irin su San Diego da Buffalo, kuma daga ƙarshen wannan kakar bai sake buga wasa a NFL ba. Ba kowane ihu ga baƙin kwatabak ne wariya ba, Luck da Cassel da Couch duk farare ne, amma kalmomin da ke biyo bayan ihun su ke tona asiri.

Doka ta hana? Me zai sa a fitar da mutum daga fili?

Ihu kansa ba laifi ba ne, ba mai taɓa ka. Tun 2008 NFL na da ƙa'idar ɗabi'ar 'yan kallo, abin da ta hana shi ne zagi na batsa, maye har mutum ya fita hayyacinsa, faɗa, shiga fili da jifa da abubuwa. Wanda aka kama za a fitar da shi ba a mayar masa da kuɗi ba, yana iya rasa tikitinsa na kaka, kuma yawancin filaye na daina sayar da giya a ƙarshen zango na uku cikin zango huɗu na wasan. Jifa ce ta fi tayar da hankali, a Disambar 2001 a Cleveland ruwan kwalaben roba ya sa alƙalai suka tsayar da wasa saura sakan 48, sai da shugaban gasar ya ba da umarni aka dawo aka ƙarasa. 'Yan wasa ma ba a bar su ba, a Janairun 2022 da aka gaya wa Prescott cewa alƙalai mutanen Dallas ke jifa sai ya yaba musu, ya ba da haƙuri daga baya amma sai da aka ci shi tarar dala dubu 25.

To babu wani abin kirki da magoya bayan nan ke yi wa kwatabak?

Akwai mana, kuma mutanen Buffalo ne suka fi suna a nan. Ranar ƙarshe ta 2017 Andy Dalton na Cincinnati ya yi wata jifa a ƙarshen wasa da ta fitar da Baltimore, wannan ya ba Buffalo damar shiga zagaye na gaba bayan shekara 17 suna jira, sai mutanen Buffalo suka riƙa tura dala 17-17 ga gidauniyarsa har kuɗin ya haura dala dubu 300, alhali ba ɗan ƙungiyarsu ba ne. A 2020 da kakar Josh Allen ta rasu, ya fito ya buga wasa washegari, suka sake yin haka da dala 17, lambar rigarsa, ga asibitin yara na garin, aka tara sama da dala miliyan ɗaya.

Yanzu abin ƙaruwa yake ko raguwa?

A cikin fili an fi da tsaro, kyamara ko'ina, ga lambar da za ka tura saƙo a zo a ɗauke mai damun mutane. Abin da ya canza shi ne ihun ya daina tsayawa a ƙofar fili. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi hanyar halasta cacar wasanni a Mayun 2018, an samu sabon rukunin masu fushi, waɗanda ba ƙungiyar ce ta dame su ba, kuɗin da suka zuba kan yawan yadin da kwatabak zai jefa ne ya tafi. Su waɗannan ba sa jiran Lahadi, saƙo suke turawa kai tsaye ta Instagram da X, wani lokaci ga matar ɗan wasan, shi ya sa 'yan wasa da yawa ke goge waɗannan manhajoji daga wayarsu in kaka ta fara, ko su miƙa wa wani ya riƙa kula musu da shafin har sai an gama a Janairu ko Fabrairu.